Tambaya da Amsa: Yadda Wuta-wuta Ke Gane Saiwar Dawa

Wasiƙu uku muka zaɓo a wannan fitowa, kuma ko da yake masu su ba su san juna ba, duk ciyawa ɗaya ce ta haɗa su. Ta farko ce ta fi cin wuri, domin amsarta ce ginshiƙin sauran biyun.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni manomi ne, shekaruna sun haura sittin, kuma tun ina yaro nake ganin wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji, tana cinye mana dawa da gero. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, shekarar da na sa gyaɗa ko auduga a gonar ba na ganinta ko ɗaya, amma da zarar na mayar da dawa sai ta fito kamar an yi mata shela. Marigayi mahaifina kan ce maganinta auduga da yawan taki. Shin sanin dawa ta yi ne? Daga wani manomi a ƙasar Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara girma. E, sanin dawa ta yi, kuma masu bincike sun kama ainihin abin da take ganewa da shi, sun auna shi, har sun zana siffarsa.

Irin wuta-wuta ƙanana ne ainun, ko rabin milimita ƙwaya ɗaya ba ta kai ba, kuma gindi ɗaya kan zubar da su dubun-dubata. Saboda ƙanƙantar tasu, guzurin da ke cikin kowace ƙwaya bai wuce na 'yan kwanaki ba. Idan ta tsiro ba ta tarar da saiwar da za ta laƙe wa ba, mutuwa za ta yi. Don haka ba ta tsira da jin ruwan sama kawai kamar sauran ciyayi. Kwantawa take yi a cikin ƙasa, wani lokaci fiye da shekara 10, sai ta samu damshi da ɗumi na mako ɗaya ko biyu, sannan ta jira alama ta biyu, wato wani sinadari da saiwar dawa da gero da masara ke tsatsowa cikin ƙasa. Da ta ji shi sai ta fitar da ɗan zare fari, bakinsa ya kumbura kamar na matsattsaku, ya huda saiwar, ya haɗe da hanyoyin ruwa da abinci na dawar. Makonni take yi tana tsotsa a ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa kafin ka ga furen nan mai ruwan hoda, yawancin ɓarnar ta riga ta auku.

Yadda ake tabbatar da haka a ɗakin gwaje-gwaje ba wani abin ɓoye ba ne. Ana wanke irin da ruwan bilic mai rauni don kashe fumfunar da ke jikinsa, a barbaɗa shi a kan 'yan ƙananan takardun tacewa da aka yanka kamar kwabo, a jera su a cikin faifan gilas, a jiƙa, a naɗe don kada haske ya shiga, a ajiye a akwatin ɗumi mai zafin digiri 30 na kimanin mako biyu. Daga nan sai a ɗiga wa wasu ruwan da saiwar dawa ta kwana a ciki, wasu kuma a ɗiga musu ruwa zalla. Bayan kwana ɗaya ko biyu mai bincike zai sunkuya a kan madubin ƙara girman abu yana ƙirga waɗanda suka fitar da zare, ɗaya bayan ɗaya, har idonsa ya yi ruwa. Na ruwa zalla za a tarar da su kwance yadda aka bar su, na ruwan saiwa kuwa sun farka.

Abin da zai ba ka sha'awa, Baba, shi ne ba daga dawa aka fara kama wannan sinadari ba, daga auduga ne. A tsakiyar shekarun 1950 wata 'yar'uwar wuta-wuta ta ɓulla a gonakin masara na jihohin Karolaina ta Arewa da ta Kudu a Amurka, hankalin hukumomin gona ya tashi, aka shiga bincike. A 1966 masana suka tace ruwan saiwar auduga suka fitar da sinadarin da suka raɗa wa suna sitirigol, a 1972 kuma aka gano cikakkiyar siffarsa. Ƙarfinsa ya wuce misali: giram ɗaya idan aka narka shi a ruwa lita miliyan 100, wato cikin tankokin mai kusan 3,000, yana iya tayar da irin. Ita auduga tana fitar da alamar, irin ya farka, amma wuta-wuta ba ta iya rayuwa a jikin saiwarta, sai ta mutu da yunwa. Wannan shi ne sirrin maganar mahaifinka, Allah ya jiƙansa. Waken suya ma yana wannan aiki. Kowace daminar da aka sa su, wani kaso na irin da ke jibge a ƙasa ya tsiro a banza.

Sai dai tambayar da ta hana masana barci kusan shekara arba'in ita ce, me zai sa dawa ta riƙa fitar da abin da ke kirawo mata mai kashe ta? Ruwa ba ya tsami banza. A 2005 masu bincike a Japan suka gano cewa ba wuta-wuta ake kira ba. A cikin ƙasa akwai wata fumfuna mai amfani wadda ke shiga saiwar tsirrai, ta baza zarenta nesa ta kawo musu fosfaras, su kuma su biya ta da sukari. Ita dawa ke yi wa sallama da wannan sinadari, wuta-wuta kuwa laɓe take yi tana sauraro. An kuma auna an ga cewa iyakar ƙarancin fosfaras da naitirojin a ƙasa, iyakar yawan sinadarin da saiwar dawa ke fitarwa. Ke nan gonar da ta gaji ita ce ta fi ɗaga murya, tsuntsun da ya ja ruwa kuwa shi ruwa kan doka. Taki yana ƙosar da dawa ta rage kira. Ga rabin maganar mahaifinka na biyu.

A 2008 aka ƙara gano cewa a cikin jikin tsiron kansa wannan sinadari ne ke tsawata wa rassa da 'ya'yan gindi kada su yi yawa, domin shinkafa da wani nau'in wake da aka samu ba su iya yin sa sun cika da rassa barkatai. Dalili ke nan da ba za a ce kawai a toshe shi a huta ba. Daga sinadarin da ke ba karas da manja launinsu tsiro ke ƙera shi.

Yanzu ƙoƙarin da ake yi shi ne a haɗa irin wannan sinadari a masana'anta, a watsa a gona kafin shuka, irin wuta-wuta ya tsiro ya rasa mai ciyar da shi. A Amurka iskar etilin suka riƙa cusawa cikin ƙasa don wannan manufa, tare da wasu matakai, kuma sun kusa kawar da ita. An gwada sinadaran haɗi a gonakin gero da dawa a Burkina Faso, aka ga fitowar ciyawar ta ragu da fiye da rabi, amma har yanzu abin bai zama kayan da za ka saya a kasuwar ƙauye ba, kuma yana bukatar a dace da lokacin da ƙasa ke da damshi. Kafin ya iso, abin da ke hannunka shi ne juya shuka, da taki, da tuge wuta-wuta tun ba ta zubar da iri ba a ƙona ta. Kada ka sa ran ganin bambanci a damina ɗaya, domin abin da aka shekara goma ana tarawa ne ake ragewa.

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce 'yar aji biyu a sashen bayokemistiri. A littattafanmu ana nuna furotin kamar ƙyallen da aka nannaɗe mai launi-launi, har a ce ga aljihun da sinadari ke shiga. Amma malaminmu ya ce madubin da muke da shi ba ya nuna furotin. To wa ya gan shi haka? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: 'Yata, malaminki gaskiya ya faɗa. Babu wanda ya gan shi da ido, lissafo shi aka yi, launukan kuma mai zane ne ya zaɓa. Tsawon zangon hasken da idonmu ke gani yana tsakanin nanomita 400 zuwa 700 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), alhali furotin 'yan nanomita ne kawai, tazarar da ke tsakanin atam biyu a jikinsa kuwa ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar na nanomita ba. Neman ganinsa da wannan haske tamkar zura igiyar guga ne a kafar allura. Hasken eksire ne ke da zangon da ya yi daidai da tazarar atam.

Bari in bi da ke ta misalin da ya haɗu da tambayar farko. Idan irin wuta-wuta yana jin sinadari, dole akwai abin da yake ji da shi, kuma a 2015 ƙungiyoyin bincike a Japan da Kanada da Amurka suka nuna cewa wani rukuni ne na furotin. Masana a Jami'ar Nagoya sun yi wata dabara mai kyau: sun haɗa sinadari mai kama da na saiwa wanda ba ya haske sai an yanka shi biyu, kuma da yake furotin ɗin da ke karɓar alamar yanka ta yake yi bayan ya kama ta, sai aka riƙa ganin koren haske yana bayyana a jikin irin daidai lokacin da yake farkawa. A Jami'ar Toronto kuwa aka ɗauki ƙwayoyin gado goma sha ɗaya na wuta-wuta aka sa su ɗaya-ɗaya a cikin ɗan tsiron da masu bincike ke gwaji da shi, Arabidopsis, aka ga na bakwai, ShHTL7, shi ya fi kowa kaifin ji.

Don a ga siffar irin wannan furotin, ana fara sa ƙwayar gadonsa a cikin bakteriyar E. coli, a rene ta a cikin tulun gilas da na'ura ke girgizawa, ta hayayyafa ta cika cikinta da shi. Sai a fasa bakteriyar, a juya ruwan a na'ura mai gudun tsiya har dusar ta kwanta, a bi da abin da ya rage ta wani bututu mai ɗauke da nikel. Tun farko an liƙa wa furotin ɗin da ake nema wata 'yar wutsiya mai son nikel, don haka shi kaɗai ke maƙalewa, sauran dubbai su wuce. Daga nan wahalar take farawa. Ana ɗiga ɗigon da bai kai kan allura ba a kan gilas, a kifa shi a kan rijiyar ruwan gishiri, a rufe, a jira ruwan ya janye a hankali har furotin ya jeru sahu-sahu ya zama kiristal kamar ƙwayar alif. Ana gwada haɗi ɗari-ɗari, kuma akwai ɗaliban da suka shekara suna leƙa ɗigo kowace safiya ba su ga komai ba sai gurɓataccen ruwa. Idan an dace, a kamo kiristal ɗin da ɗan zobe, a daskarar da shi, a haska masa eksire yana juyawa. Abin da ke fitowa ɗigo-ɗigo ne dubbai a kan allo, kuma daga wurin kowane ɗigo da duhunsa kwamfuta ke lissafo inda kowace atam take. Da aka yi wa ɗaya daga cikin furotin na wuta-wuta haka, sai aka tarar aljihunsa ya fi na danginsa na sauran tsirrai faɗi, abin da ke nuna yadda yake iya karɓar alama iri-iri daga amfanin gona daban-daban. Wanda ya san siffar kwaɗo shi ke iya yanka mabuɗi, kuma a 2018 masanan Nagoya suka fitar da wani sinadari da ya dace da ShHTL7 sosai, wanda ke tayar da irin da adadin da ya gaza na sitirigol nesa ba kusa ba.

Ki sani wannan fanni yana da tsohuwar alaƙa da tsirrai. Enzayim, wato abin da ke hanzarta sauyin sinadarai a jikin mai rai, na farko da aka mayar kiristal daga wani nau'in wake aka samo shi, a 1926, kuma James Sumner na Jami'ar Cornell, mutumin da ya rasa hannu ɗaya tun yana saurayi, shi ya yi aikin, ya nuna cewa enzayim furotin ne a lokacin da manyan masana ke musun haka. Sai a 1958 John Kendrew ya fitar da siffar furotin ta farko a Kambirij ta Ingila. Rumbun da ake ajiye waɗannan siffofi ya fara da guda bakwai a 1971, yau sun haura 200,000, kuma daga gare su manhajar AlphaFold ta koyi hasashen siffa daga jerin amino asid, wato tubalan da ake gina furotin da su, aikin da ya samu rabon kyautar Nobel ta 2024. A ganina wannan ne ya fi shafarki. Babbar na'urar eksire da ake kira sinkurotiron babu ita a nahiyar Afirka, sai dai a aika kiristal zuwa wurare irin su Girenobul a Faransa, amma rumbun da hasashen duk kyauta ne a intanet. Ki dai riƙa tuna cewa hasashe yana bukatar gwaji ya gaskata shi.

Tambaya: Malam, ni malamin gona ne, kuma manoma suna yawan tambayata ko irin dawa da waken da aka ce ba sa jin wuta-wuta su ne waɗanda aka sauya wa halitta. Nakan rasa ta cewa, tunda na ji ana maganar an bincika DNA ɗinsu. Daga wani malamin gona a ƙasar Maraɗi.

Amsa: Malam, karanta DNA daban, sa masa baƙon abu daban, kuma a nan ne ruɗanin yake. Dawar da ake kira SRN39 ta daɗe da shahara da juriya kafin a san dalili. A 2017 ɗakin binciken Farfesa Gebisa Ejeta a Jami'ar Purdue ta Amurka, ɗan Habasha da ya yi aikin dawa a Sudan kuma ya karɓi Kyautar Abinci ta Duniya a 2009, ya nuna cewa wata ƙwayar gado guda, LGS1, ita ce ba ta aiki a jikinta. Rashin ta ya sa saiwar ke fitar da wani nau'in sinadarin, wanda siffarsa ta ɗan karkace, irin wuta-wuta bai cika jin sa ba. Ba hannun mutum ne ya yi wannan ba, haka aka same ta. A wake ma, wanda tasa wuta-wutar daban ce da ta hatsi, juriyar wani irin gargajiya na ƙasar Botsuwana mai lamba B301 aka ɗauko ta hanyar barbara, kamar yadda ake haɗa kowane iri.

Amfanin DNA a nan shi ne gajarta jira. Maimakon mai haɗa iri ya shuka jikoki ɗari biyar a gonar da ta kamu ya jira damina ta nuna masa masu juriya, sai ya tsinki ɗan ganye daga kowanne tun suna ƙanana. Ana daskarar da ganyen da ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri, a daka shi a ɗan turmin tangaran ya zama gari, a zuba wani ruwan sabulu na musamman da gishiri, a ɗumama a digiri 65 don bangon ƙwayoyin ya fashe, a ware furotin, sannan a zuba sinadarin alkohol mai sanyi. Nan take DNA ke bayyana kamar farin zaren yauƙi a cikin bututun. Da yake na dawa yana da haruffa kusan miliyan 730, ba duka ake karantawa ba. Na'urar PCR, wadda Kary Mullis ya ƙirƙiro dabararta a 1983, tana kwafar ɗan yankin da ake so kaɗai, tana ninka shi a kowane zagaye na zafi da sanyi, zagaye 30 ya ba da kwafi kusan biliyan ɗaya. Sai a zuba a cikin wani abu mai kama da daskararren kamu, a sa lantarki, gutsattsarin su yi tsere, gajeru a gaba dogaye a baya. Layin da ya fito shi ke nuna wane tsiro ya gaji juriya. Ba a ƙara wa tsiron komai ba, tambayarsa kawai aka yi.

Wanda aka sa wa baƙuwar ƙwayar gado shi ne waken SAMPEA 20-T, da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Jami'ar Ahmadu Bello ta fitar, aka amince da shi a Najeriya a 2019. Ƙwayar daga bakteriyar ƙasa Bacillus thuringiensis aka ɗauko ta, tana sa waken ya yi wani furotin mai suna Cry1Ab, wanda idan tsutsar da ke huda fure da kwanson wake ta ci, sai ya narke a hanjinta, ya maƙale a wasu furotin na bangon hanjin, ya huda shi. Don wannan tsutsa aka yi shi, kuma ba ya hana sauran ƙwari irin su masu tsotsar kwanso, shi ya sa har yanzu ake yi masa feshi, sai dai kaɗan. Juriyar da yake da ita ga wuta-wuta kuwa gado ce daga SAMPEA 10, irin da aka gina shi a kai, wanda masu haɗa iri na IITA, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa mai hedikwata a Ibadan, suka samar ta hanyar barbara da lambar IT97K-499-35, kuma shi ne waken da aka zaɓa aka karanta jerin DNA ɗinsa gaba ɗaya a 2019. Don haka idan manomi ya nuna maka buhu ya tambaya, ka duba sunan irin: in SAMPEA 10 ne ko dawa mai jinin SRN39, barbara ce zalla, in kuwa SAMPEA 20-T ne, ka gaya masa kariyarsa daga tsutsa a ɗakin gwaje-gwaje aka sa masa ita, ta wuta-wuta kuma daga iyaye ya samo.